Mai Koren Biro

Litinin, 7 ga Oktoba

Yau sati uku da tafiyar Yaya makarantar koyon jinya. Har yanzu ban hau gadonta na sama ba, duk da shekarun da na yi ina roƙonta mu yi musanye. Jakata kawai nake ɗorawa a kai, don kar ya zauna haka fayau.

Malamar Turanci ta shigo aji da gwangwanin madara cike da 'yan takardu a nannaɗe. Ta ce mu kasu biyu-biyu, kowane biyu su ciri ɗaya. A kowace takarda akwai kalmomi uku 'yan gida ɗaya, sun yi kama amma ba ɗaya suke ba. Ranar Alhamis 24 ga wata za a fito gaban aji a faɗi bambancinsu, kuma misali daga rayuwar mutum take so, ba na littafi ba.

Kafin ta rufe baki kowa ta kama hannun ƙawarta. Mu arba'in da biyu ne, amma wadda muke kira Rediyo ba ta zo ba, muka zama arba'in da ɗaya. Ba sai na rubuta wadda ta yi saura ba.

Takarda ɗaya ta rage a ƙasan gwangwanin. Alone, lonely, solitary. Wata daga baya ta ce, "Kaya ya tsinci mai shi." Aka yi dariya, ba mai yawa ba. Malama ta ce in fara aiki, za ta ga yadda za a yi da ni.

Ni dai ko yaya za a yi, kar a haɗa ni da Rediyo.

Talata, 8 ga Oktoba

Rediyo ita ce monita. Tun daga bakin get ake jin ta iso. Zangon da ya wuce ta fizge littafin soyayyar da nake karantawa a ƙarƙashin benci, ta hau kujera ta karanta wa aji shafi guda da muryar namiji, hannu a ƙirji. Wai wasa ne. Kwana biyu ban iya ɗaga kai ba. Tun daga ranar take kirana 'Yar Shiru, kowa ya ɗauka.

Tun ranar kuma laburare nake zuwa lokacin tara. Akwai babban ƙamus a teburin da ke jikin taga, an ɗaure shi da igiya, ba a ba da aronsa. In na buɗe shi na jingina, littafina yana ɓuya a ciki daidai wa daida. Malam Makulli, mai kula da wurin, yana tsammanin ni ce yarinyar da ta fi kowa son Turanci a makarantar nan. Allah ya yafe min.

Yau dai da gaske na buɗe ƙamus ɗin. Na duba duka ukun. Kowacce sai ta tura ni wurin 'yar'uwarta. Haushi ya sa na rubuta a 'yar takarda: "Duk mutum ne shi kaɗai. To ina bambancin?" Aka kaɗa ƙararrawa, na manta ta a ciki.

Laraba, 9 ga Oktoba

Rediyo ta dawo, wai mura. Muryar dai ba ta ji komai ba. Malama ba ta ce min komai ba, da alama ta cusa ta cikin wasu. Alhamdu lillahi.

Zan tsaya ni kaɗai ke nan.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Lokacin tara na koma wurin ƙamus.

Takardata tana nan a shafin da na bar ta. Amma a ƙasan rubutuna akwai wani, da koren biro, ƙanana a tsaye, kamar an jera ashana:

"Alone ƙirgawa ake yi. A leƙa ɗaki, a ga mutum ɗaya, shi ke nan. Lonely ba ya ƙirguwa. Mai shi kaɗai ya san yana da shi."

Ba suna. Na waiga, daga Malam Makulli yana gyangyaɗi sai fanka.

Makarantarmu biyu ce a gini ɗaya: mu mata da safe, ƙarfe ɗaya mu tashi, maza su shigo da rana. Ba ma haɗuwa, sai dai mu tarar sun sassaƙa mana benci. A ajinmu ba mai koren biro, Malama shuɗi kawai take karɓa. To wa ya rage?

Ina lissafi ne kawai.

Na bar wata: "Na gode. Solitary fa?"

Juma'a, 11 ga Oktoba

"Solitary shi ne wanda ya zaɓa da kansa. Dubi magen da ke kwanciya a kan katanga, ta wannan tagar. Ba wanda ya kore ta. Ke wanne ne naki?"

Na duba. Ga magen kuwa, fara mai baƙin kunne. Wato a kujerar nan yake zama. Ta tagar nan yake kallo. Na ɗora hannuna a teburin na daɗe.

Ban ba da amsa ba. A littafi jaruma ba ta amsawa da wuri.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na yi wanki, na share ɗaki, na jawo kwalin littattafan Yaya daga ƙarƙashin gado. Akwai guda uku da aka fara da wasiƙa. A duka ukun dogo ne, ba ya son magana, kuma wani abu ya taɓa samunsa.

Ina jin yana sa tabarau. Mai rubutu ƙanana haka dole idonsa ya gaji.

Umma tana kan keken ɗinki tun safe, kayan wasu 'yan makaranta ne za a karɓa Litinin. Ta leƙo ta ce, "Auta, murmushin me kike yi ke da bango?" Na ce ba komai. Ta ce, "Labarin zuciya a tambayi fuska," ta koma. Keken ya ci gaba da taka-taka-taka.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Yaya ta kira a wayar Umma. Minti huɗu. Ina ta jin dariyar wasu a bayanta, har wata tana kiranta da wani suna da ban sani ba. Na so in ba ta labarin takardar, na ce, "Yaya, kin san me?" Ta ce, "Auta, bari, ana jirana, zan kira ki." Ba ta kira ba.

Da a gida take, a kwance za mu yi zancen, ita a sama ni a ƙasa, ina yi wa katakon gadonta magana. Ban taɓa iya faɗin abu ina kallon mutum ba. Ita kaɗai ta san haka.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na ba da amsa. Sau biyar na sake ta. Na rubuta zancen gadon sama, da yadda nake tauna burodi a hankali lokacin tara don kar in gama da wuri in rasa abin yi da hannuna. Na ce da ina ɗauka irin magen nan ce ni, amma mage ba ta ƙirga kwanakin da aka tafi aka bar ta.

Na rufe ƙamus ɗin na fito da sauri kamar wadda ta yi sata.

Talata, 15 ga Oktoba

Zan kwafe ta duka a nan, ko da takardar ta ɓata.

"Mu goma sha ɗaya ne a gidanmu, ɗaki uku. Ban taɓa zama alone ba, ko banɗaki na shiga sai an buga ƙofa. Amma na biyun kullum da shi nake kwana. In na yi shiru a gidanmu, sai a wuni ba wanda ya lura ko ina nan. Shi ya sa nake zama a nan bayan kowa ya watse. Ki sa wannan a misalinmu in kina so."

Misalinmu. Mu.

Na karanta ta a laburare, na karanta a hanya, na karanta a bayan ƙofa. Ban taɓa sanin akwai wanda zai iya zama cikin mutum goma ya ji abin da nake ji a ɗaki ni ɗaya ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

An yi ruwa. Ba takarda. Wataƙila ruwan ne ya hana shi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Akwai. Gajera: "Saura sati ɗaya. Sai an yi gwaji da baki, takarda ba za ta tsaya gaban aji ba."

Yana so mu haɗu. Ina? Yaushe? In na tsaya bayan an tashi, me zan ce wa Umma? Kuma in ya gan ni ya ga ba haka ya zata ba? Na tsaya gaban madubin Yaya na ce alone, lonely, solitary sau goma. Bakina kamar ba nawa ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Rediyo ta ɓata min rana.

Ina tattara littattafai ta zo ta zauna a kan bencina, a kai fa, tana kaɗa ƙafa. Ta ce, "To 'Yar Shiru, yaushe za mu yi gwajin namu? Ko sai ranar za mu tsaya muna kallon juna kamar gumaka?"

Na ce wane gwaji. Ta ce na Malama mana. Mutane sun fara juyowa, don ita ko raɗa za ta yi sai ajin gaba ya ji. Ban san daga ina maganar ta fito ba, na ce, "Ni ba da ke nake yi ba. Ina da mai taimakona, kuma shi ba ya cika wa mutane kunne. Ke me kika sani a kan kaɗaici?"

Ta daina kaɗa ƙafar. Ta ce, "Shi?"

Na ce e.

Ta dube ni ta dube ni. Na zata za ta hau kujera ta sanar wa duniya. Sai ta sauka ta ce, "Allah ya ba da sa'a," a hankali, ta ɗauki jakarta. Ban taɓa jin ta yi magana a hankali ba.

Ya kamata in ji daɗi. Karon farko ke nan na rama.

Na bar masa takarda: zan tsaya Litinin bayan an tashi.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na goge farar rigata sau biyu. Umma ta ce zan ƙona ta.

Litinin, 21 ga Oktoba

Takardata tana nan yadda na bar ta. Ba kore ko ɗigo.

Na tsaya duk da haka. Ƙarfe ɗaya zuwa biyu, ni da fanka da mage. Ina jin maza suna shigowa ta get, ana ihu ana buga ƙwallo, ba wanda ya nufo nan. Rabin shafi na karanta a awa guda.

Talata, 22 ga Oktoba

Da ƙasa za ta tsage.

Na sake tsayawa. Biyu saura, Malam Makulli ya fara rufe tagogi. Na tattara duk ƙarfin halina na ce, "Malam, 'yan rana ƙarfe nawa suke shigowa nan?"

Ya ce, "Ina? Nan? 'Yata, rabon da namiji ya taka ɗakin nan ban da ni, tun da suka yage min taswira shekara biyu ke nan. Ƙarfe biyu nake kullewa in tafi da makullina."

Na ce to wa yake zama a teburin ƙamus bayan an tashi.

"Ai ƙawarki ce. Mai surutun nan, monita. Kullum sai na kore ta. A waje kamar kasuwa, in ta shigo nan kuwa ko tari ba ta yi. Kwana biyu ban gan ta ba, lafiya dai?" Ya ce ranar da ta dawo daga jinya Malama da kanta ta rako ta, ta ce mata ni ce abokiyar aikinta, ga ƙamus nan ta fara dubawa.

Na ce lafiya lau. Ban san yadda na iso gida ba.

Ita ce take tattara littattafanmu kullum, ta san rubutuna. Ta ga takardata ta ɗauka haka nake so a yi, tunda ba na magana. Ta bi ni ta hanyata. Sati biyu tana tsammanin na san da wa nake yi, ni kuwa ina nan ina saka wa mutum tabarau.

Mu goma sha ɗaya ne a gidanmu. Ni kuma na dubi idonta a gaban mutane na ce me ta sani.

Ba rashinsa ne yake damuna ba, abin mamaki. Wanda babu shi ba a rasa shi. Na tura kwalin littattafan can ƙuryar gado da ƙafa.

Laraba, 23 ga Oktoba

Da safe na rubuta ban haƙuri shafi guda, zan sa a ƙamus. Ina tsaye gaban teburin na tuna ta daina zuwa. Kuma ita ce ta ce takarda ba za ta tsaya gaban aji ba.

Lokacin tara na same ta a gindin bishiyar da ke kusa da famfo, mutum shida sun kewaye ta, tana kwaikwayon tafiyar Malamin Lissafi. Sau biyu na wuce su kamar ruwa zan sha. A na uku na tsaya. Na ce, "Monita." Ba wanda ya ji. Na sake faɗa, ya fito da ƙarfi fiye da yadda na so, duk suka yi tsit.

Na ce ina son magana da ita. Ta ce, "Ga ni." Na ce ba a nan ba. Ta ce, "Ranar Juma'a a gaban mutane kika yi taki."

Gaskiyarta. Na kalli famfon, don ba zan iya kallonta ba, na ce abin da na faɗa ba daidai ba ne, ban san ita ce ba, kuma ko da ba ita ba ce bai kamata ba. Na ce ta yi haƙuri. Muryata tana ta karkarwa kamar tsohon keken Umma.

Wata ta ce, "Ita ce wa?" Rediyo ta ce, "Ba ruwanki," ta ja hannuna zuwa bayan ɗakin gwaje-gwaje.

Can ta harɗe hannu ta ce, "Tsaya in tambaye ki. Shi ɗin nan, kyakkyawa ne?"

Na rufe fuska. Ta ce sai na faɗa. Na ce dogo ne. Yana sa tabarau.

Ta yi dariya har ta dafa bango. "Wato sati biyu ina saurayi ban sani ba. Ko ɗan biskit ba ki kawo min ba." Ni ma ban san lokacin da na fara ba, hawaye da dariya a haɗe. Da ta tsagaita ta ce, "Amma maganar nan ta shige ni, ki sani. Ban taɓa gaya wa kowa zancen gidanmu ba." Na ce na sani. Ta ce littafin da ta karanta a kan kujera ma ba ta kyauta ba, ta daɗe tana son faɗa, ba ta san ta ina ake shiga wurina ba.

Na tambaye ta me ya sa kore. Ta ce shi kaɗai ne biron da ƙannenta ba sa ɗaukewa, don ba malamin da ke karɓar aiki da shi.

Mun yi gwaji sau uku bayan an tashi. Malam Makulli ya ce yau kuma laburaren nasa ya zama tasha.

Alhamis, 24 ga Oktoba

An yi.

Ita ta fara, ta yi solitary, har da kwanciyar mage a kan tebur, aji ya kwashe. Ni na yi alone: ɗaki, gado biyu, mutum ɗaya. Takardar tana rawa a hannuna, sai ta kama ɗaya gefen kamar ita ma karantawa take. Da aka zo ta tsakiyar, lonely, mun shirya ni zan faɗi misalin gidan mutum goma sha ɗaya, in ce wata ce na sani. Ina buɗe baki ta ce, "Gidanmu ne," ta faɗa da kanta, da Turancinta mai gudu.

Ba wanda ya yi dariya. Malama ta cire tabarau ta goge, ta ce mu zauna.

Ta ba mu takwas cikin goma. Wai ni ba a ji na daga baya, ita kuma ana jin ta daga ofis.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yaya ta kira. Minti shida. Ni na yi biyar.

Laraba, 30 ga Oktoba

Kwana huɗu ban buɗe littafin nan ba, ba wani dalili, abubuwa ne.

Ba wai mun zama ƙawaye ba ne. Surutunta yana nan, kaina har ciwo yake. Kawai dai ta ce bencinta yana gurgunta, ta dawo kusa da ni kafin a gyara. Na duba bencin, ban ga abin da ya same shi ba.

Ta ari ɗaya daga littattafan Yaya, ta dawo da shi yau duk gefen shafi koren rubutu: "ƙarya ne," "wannan mutumin ba shi da aikin yi ne?", "ki gudu, baiwar Allah." Yaya za ta kashe ni. Na karanta gefen ban karanta tsakiyar ba.

Ta ce ranar Asabar za ta zo ta ga ɗakin da mutum ke zama ba a buga masa ƙofa. Na gaya mata ba komai a ciki. Ta ce shi take so ta gani.

Na sauke jakata daga gadon sama na shimfiɗa zanin gado. Don ƙura ne kawai.